Gawa Bakwai a Salon Alhaji Wada

Ranar wata Asabar da safe, ƙarshen daminar 1994, Insfekta Tanimu ya iso komisariyar Maraɗi yana tura mobilet ɗinsa da hannu, don mai ya ƙare masa tun wajen babbar kasuwa. Ko zufa bai goge ba aka ce Komiser na kiransa.

"Akwai gawa bakwai a Sabon Gari," in ji Komiser, bai ko ɗago kai ba.

Tanimu ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Bakwai? Gida ɗaya?"

"Gida ɗaya. Kifi biyar, jatan lande biyu."

Tanimu ya tsaya yana kallonsa. Gari yana tafasa, ma'aikata na yajin aiki, 'yan lakwal sun bar aji suna ƙona tayoyi, a Yamai ƙawancen jam'iyyu ya watse, kullum sai ka ji wane ya sauya sheƙa. Shi kuma, da shekara goma sha takwas cikin aikin ɗan sanda, yau kifi aka ga ya dace da shi!

"Na Alhaji Wada ne," in ji Komiser. "Ka san shi, ka san su wa ya sani. An riga an kama mai laifin tun jiya, wata mai yi masu wanki, Tsahara. Jabel ta zuba masu, ruwan nan na wanki mai sa kaya fari. Ka je ka duba ka rubuto rahoto. Litinin da safe za mu miƙa ta gidan shari'a, daga can sai gidan kaso."

"A kan kifi?"

"A kan dukiyar mutum. Tashi ka ba ni wuri."

Motar ofis ba mai. Sai Birgadiye Abdu, wani dattijo mai tumbi da ya kusa ritaya, ya goya shi a bayan tsohon babur ɗinsa. Hanya duk Abdu na dariya, yana tambayar ko za su kai gawarwakin asibiti likita ya duba.

Alhaji Wada tsohon mai fiton kaya ne, shekara ashirin ya yi a bakin tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da ya dawo gida bai taho da komai da yake ji da shi ba kamar wani akwatin gilas, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, cike da ruwan gishiri. A ciki akwai duwatsun teku da murjani mai rai. Mutanen Maraɗi sun san murjani a wuyan mata, ba su taɓa jin wai yana da rai har yana buɗe baki ya ci abinci ba.

Suka tarar da shi a salon, babban ɗakinsa na baƙi, idanu jajur, ya jera matattun bisa faranti.

"Dubi, Insfekta. Wannan shekararsa shida a hannuna. Wannan a cinyata na riƙo shi daga Kwatano cikin leda, kwana biyu a mota. Gishirin nan kansa daga can ake kawo mini, ga shi tunda aka karya darajar sefa ya ninka. In wuta ta ɗauke, ni in kwana cikin zafi, gurup ɗin, injin wutar, nasu ne."

"Allah ya mayar da alheri," in ji Tanimu, don bai san me ake cewa a ta'aziyyar kifi ba. "Saura nawa?"

"Ɗaya." Alhaji ya nuna wani ɗan kifi ruwan lemo mai fararen zane, ya kwanta gefe a kusurwa yana haki. Murjanin duk sun rufe, sun yi tsamo-tsamo, wani yauƙi na fita daga jikinsu. "Tun jiya nake ɗiga maganin da ke kashe ƙarfin jabel. Ko gezau."

"Yaushe abin ya faru?"

"Laraba na tafi Yamai taron jam'iyya, ni da Hajiya. Na bar wa Idirisa makulli, ƙanen Hajiya ne, a nan gidan yake zaune. Jiya Juma'a na dawo na tarar da wannan. Idirisa!"

Wani mutum ɗan shekara talatin da wani abu ya shigo, sanye da shadda mai sitaci, ya russuna.

"Ranar Alhamis da safe na ba su abinci, ranka ya daɗe, na kulle ƙofa, na rataye makullin a ƙusar da ke bayan madafa. Na tafi Jiratawa, don ranar ce layin ruwana a lambu. Can na kwana. Ina fita na ga matar nan tana shawagi a bakin salon da kwalbar jabel a hannu. Ban kawo komai a raina ba."

"Kwalbar fa?"

"Cikin ƙunshin kayanta muka same ta, ba komai a ciki. Har da layu."

"'Yar Tsibiri ce, gidan 'yan bori," in ji Alhaji. "Watan jiya na ce ta cire tarkacen da ke wuyanta ko ta bar mini gida. Shi ne ta riƙe ni a zuci."

Tanimu ya sunkuya ya shinshina bakin akwatin. Ƙarnin kifi ne kawai. Ya duba jikin gilas ta baya, inda gansakuka ta fito kore shar. Sai ya ji wani abu na gurnani a ƙasa. Ya buɗe kabad ɗin da akwatin ke bisa, ya ga wata 'yar na'ura a ƙasa da siririn tiyo ya hau sama.

"Wannan fa?"

"Famfon iska. Shi ke jan iskar ɗaki ya tura cikin ruwa, dare da rana. Shi ya sa na kafa doka, ba turaren wuta, ba taba, ba maganin sauro a salon nan. Ba mai shigowa sai ni da Idirisa."

Tanimu ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya leƙa bayan kabad. Kyankyasai huɗu sun yi rigingine. Ya ja kujera, ya ga gyare biyu da tsaka guda, duk sun sandare. Ya ɗauko tsakar da wutsiya ya ɗora a farantin Alhaji.

"Gawa ta zama takwas," in ji Abdu.

"Alhaji, ita ma wannan jabel ɗin ta sha?"

"Ni ina ruwana da tsaka, Insfekta! Ka rubuta abin da aka turo ka rubutawa."

Tanimu ya yi masa sallama, suka fita.

A komisariya aka fito masa da Tsahara. Mace ce da ta ba arba'in baya, siririya, hannuwanta sun yi fari-fari sun tsattsage saboda wanki. Ta zauna a ƙasa, ya ce ta hau benci, ta ƙi.

"Shekara nawa kike aiki a gidan?"

"Tara, ranka shi daɗe."

"Kin zuba wa kifin Alhaji jabel?"

"Ni ko ganinsu ban taɓa yi ba. Shekara tara ban taka ɗakin nan ba. An ce hannuna na da sabulu."

"Kwalbar da aka samu a kayanki fa?"

"Ta wurin wanki ce, tun Talata ta ƙare na aje ta gindin famfo. Mi zan yi da ita cikin kayana? Kuma ranka shi daɗe, in jabel ce, ai ba sai an tambayi kowa ba. Jabel ba ta ɓoyuwa. Tun daga ƙofa za ka ji ta, kuma duk abin da ta taɓa sai ta cinye kalarsa."

Tanimu ya tuna gansakukar nan kore shar. Ya rubuta.

"Ranar Alhamis da rana kina ina?"

Ta sunkuyar da kai. "Na tahi asibiti. Ciwon baya."

"Wane asibiti?"

"Na Tsibiri."

"Tsahara, ma'aikatan lafiya sati biyu ke nan suna yajin aiki. Wa ya duba ki, mai gadi?"

Ya tambaya sau uku, ya lallaɓa, ya daka tsawa, ta ƙi cewa uffan. Abin ya ƙona masa rai. Ga mace yana ƙoƙarin fitar da ita daga rami, ita kuma tana ƙara haƙa wa kanta.

"Kin san jibi kaso za a kai ki? Kina da 'ya'ya?"

"Ɗiya uku. Ubansu ya rasu. Ga hatsina can a gona ba a yanke ba." Sai hawaye. Ta share da bakin zane. "Abin da na sani, jiya da na zo aiki na iske kofunan shayi sun fi goma a wurin wanke-wanke, alhali masu gida ba su nan. Kuma Malam Idirisa ya jeho mini bargonsa ya ce in wanke shi kafin komi. Na jiƙa gefe guda, sabulu ya ƙi kumfa. Ina cikin mamaki aka zo aka kama ni."

"Bargon yana ina?"

"Cikin kwando, ƙarƙashin kayan Hajiya, in ba a taɓa ba."

Bayan azahar suka kama hanyar Tsibiri. Babur ɗin Abdu ya mutu sau biyu, sau biyu Tanimu na turawa yana tsine wa ranar da aka ƙirƙiri kifin teku. Gonaki ta ko'ina an fara yankan gero, ana ɗaura damma.

Gidan su Tsahara yana bakin gari. Wata tsohuwa mai suna Kande, innarta, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, yara uku sun raɓe a bayanta.

"Sannu da gida, Inna."

"Yawwa. In kun zo kama sauran ne, ga su nan."

"Mun zo ne mu ji inda Tsahara take ranar Alhamis."

Tsohuwa ta ture ƙwaryar gyaɗa. "Ina za ta kasance? Tana nan! Tun kafin azahar har rana ta faɗi tana kaɗa mini ƙwarya. Ranar muka yi wasan godiyar sabon hatsi, kamar yadda muka gada. Mutum ya fi hamsin sun gan ta. Ku tambayi mai goge, ku tambayi mai unguwa."

"To me ya sa ta ce mini asibiti ta je?"

"Kai ɗan nan, kamar ba a ƙasar nan aka haife ka ba. In Alhajinta ya ji ta kaɗa wa iskoki ƙwarya, ko da kifin nasa sun tashi sun yi rawa, ba za ta sake taka gidansa ba. Da wankin nan take ciyar da wa'annan."

Suka tambayi mai unguwa, ya tabbatar. Har ya ƙara da cewa da motar ƙarfe goma sha ɗaya ta sauka, shi ma a cikinta yake.

A hanyar dawowa Abdu ya ce, "To ai ta fita."

"Ba ta fita ba. Komiser zai ce kafin ta tafi ta zuba. In ban kawo masa wani ba, ita zai miƙa. Bi da mu gidan Alhaji ta ƙofar baya."

Kwandon wanki na nan gindin famfo yadda aka bar shi. Tanimu ya tono bargon, ja ne mai zanen damisa. Tun bai kai shi hanci ba ya yi atishawa. Abdu ya shinshina ya ja da baya.

"Fiya-fiya!"

Babu ɗan Maraɗin da bai san warin nan ba. Maganin ƙwarin gona ne, amma mutane kan gauraya shi da kananzir, su tsoma tsintsiya su yayyafa gindin bango, su rufe ɗaki na ɗan lokaci, sauro da kuɗin cizo duk su mutu. A tsakiyar bargon kuma akwai wani farin ɓawo da ya bushe, dogo, kusurwa huɗu. Tanimu ya dangwala da yatsa ya ɗanɗana. Gishiri. Shi ya sa sabulu ya ƙi kumfa.

Ya naɗe bargon ya cusa a buhu, ya shiga wurin Alhaji. Idirisa ba ya nan.

"Alhaji, ka daina ɗiga maganin nan, ba jabel ba ce. Ka buɗe tagogi, ka fitar da labule da darduma da kujerun nan waje. Famfon nan ka fitar da shi tsakar gida ya ja iska mai kyau. Gubar tana cikin ɗakin, har yanzu kana tura masa ita."

"Kai likitan kifi ne ko ɗan sanda?"

"Wallahi ni ma tun safe nake tambayar kaina. Amma in kana son ɗayan nan ya kwana, ka yi abin da na ce."

Alhaji ya dubi ɗan kifin da ke haki, ya dubi Tanimu. Sai ya tuɓe babbar riga ya fara jan labule da kansa. Yana ja yana cewa in dai gubar iska ce, to sai gawayi. Yana da na musamman da ake sa wa a ruwa ya tsotse dafi, saura rabin gwangwani. Sannan a sauya ruwan kaɗan-kaɗan, da ruwan batir da gishirin Kwatano, don na famfo ba ya yi. Abdu aka aika gareji neman ruwan batir cike da bido biyu, ya tafi yana gunaguni wai da furfurarsa ya zama ɗan aiken kifi.

Lahadi da hantsi suka isa Jiratawa. Ruwa na gudu a kanal, lambuna sun yi layi-layi, barkono da tumatir da ba a daɗe da dasawa ba. Aka nuna masu Talle, dattijon da ke rabon ruwa, yana tsaye bakin wata ƙofar ƙarfe da makulli a hannu.

"Baba, wanne ne lambun Idirisa, surukin Alhaji Wada?"

Talle ya nuna da haɓa. Ba sai an yi bayani ba. Duk lambunan kore ne, ɗaya ne kawai dashensa ya kwanta ya yi yaushi.

"Ga shi can. Dashen kwana biyar, ya bar shi ya ƙone. Layinsa ranar Alhamis ne, daga la'asar zuwa magariba. Na buɗe mishi ruwa, na kira na kira, ba kowa. Na ba na bayansa. Nan wurin, ɗana, ko uwarka ce ta rasu sai ka bar wani ya tare maka ruwa. Wanda ya tsallake layi sai bayan kwana bakwai."

"Bai zo ba ke nan ranar?"

"Ya zo da hantsi, ko takalmi bai cire ba. Ya ce in sam mishi fiya-fiya cikin 'yar kwalba. Na ce mi za ka fesa wa, dashe bai ko kama ba? Ya ce ba na gona ba ne, manyan baƙi zai yi da marece, kada sauro ya ba shi kunya. Wata farar mota ma ta kawo shi, da tutar jam'iyya a gaba."

"Ta jam'iyyar Alhaji?"

Talle ya yi dariya har da tari. "Ina! Ta wa'ancan. Ai duk Jiratawa an sani sun yi mishi alkawarin takara. Alhaji ne kaɗai bai sani ba."

"Za ka maimaita wannan a gaban Komiser?"

"Ko gaban wa. Ni barkonon nan ne ke ba ni tausayi."

Bayan la'asar Tanimu ya tara su a salon. Ɗakin ya zama fayau, ba labule ba darduma, tiyon iska ya bi ta taga zuwa tsakar gida. Alhaji na zaune bisa tabarma, bai runtsa ba. Idirisa na tsaye jikin bango. Abdu ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta.

"Malam Idirisa, ka ce a Jiratawa ka wuni ranar Alhamis."

"Haka ne."

"Ka ba barkononka ruwa?"

"Na ba shi."

"To ruwan bai karɓe shi ba. Daga can nake." Tanimu ya zazzage buhu, bargon ya faɗo. "Na wa ne?"

"Irinsa sun yi yawa a kasuwa."

"Ni na sayo maka shi a Kwatano," in ji Alhaji a hankali.

Tanimu ya ɗaga bargon, shi da Abdu suka shimfiɗa shi bisa akwatin gilas. Farin ɓawon gishirin ya zauna daidai bakin akwatin, kusurwa da kusurwa. Warin ya bugi Alhaji, ya zabura ya fizge bargon ya yi jifa da shi ta taga.

"Idirisa, ka san dokar ɗakin nan," in ji Tanimu. "Shi ya sa ka rufe su da bargo, kamar yadda ake rufe randa da tukunyar miya in za a yayyafa magani. Ka yi iya saninka. Sai dai randa ba ta numfashi. Wannan yana yi, kuma hancinsa a ƙasa yake cikin kabad, daidai gindin bangon da ka bi da tsintsiya. Ka rufe ƙofa da tagogi don maganin ya kama, famfo kuwa ya yi ta kwasa yana kai masu."

Tanimu ya matso kusa da Idirisa.

"Talle na jiran a kira shi. Direban farar mota ma ba wuyar samu zai yi ba. Ko in tafi ofishin jam'iyyarsu in tambayi wa da wa suka sha shayi a salon Alhaji Wada?"

"Wace jam'iyya?" Alhaji ya miƙe tsaye.

Nan Idirisa ya bar jikin bango. Ya sulale ya durƙusa.

"Yaya, ka yi mini rai. Sun ce ba za su ba ni takara ba sai sun ga gidanka na bayana. Na ce su zo su gani, har salon nake da iko da shi. So nake su ga kifin su san ba ƙaramin gida na fito ba. Wallahi na rufe su, har da tsinke na kama bargon. Da suka zo na buɗe, kifin na ta zabura suna bugun gilas, baƙin na tafi, sun ɗauka wasa suke yi. Da gari ya waye na ga sun juya ciki sama."

"Kwalbar jabel fa?" in ji Tanimu.

"Na gan ta gindin famfo. Na san Yaya na jin haushin matar dama. Na ce in an ce ita ce, ba wanda zai tambayi wa ya shiga ɗakin."

"Ka san kaso za a kai ta? Da marayu uku?"

"Na ɗauka kora kawai za a yi."

"Kora kawai!" Tanimu ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, ya daure. "Kashe kifi kuskure ne, wannan tsakaninka da yayanka. Amma ka saka wa mutum shaidar ƙarya a kaya, ka zo gaban hukuma ka rantse, wannan tsakaninka da ni ne. Birgadiye, tafi da shi."

Abdu ya kama shi a damtse. Har suka fita zaure Idirisa na kiran "Yaya, Yaya," Alhaji bai waiwaya ba.

Komiser bai sa hannu a takardar sakin Tsahara ba sai Litinin da safe, wai Lahadi ba ranar aiki ba ce. Kwana uku cur ta yi a kulle. Tanimu da kansa ya raka ta gidan Alhaji ɗaukar ƙunshinta.

Alhaji ya fito da murna. "Insfekta, ya ci abinci! Da asuba ya tashi ya ci. Murjani biyu ma sun fara buɗewa. Ukun can dai sun tafi, sun yi fari. Amma in na ci gaba da sauya ruwa da gawayi, wata biyu ko uku zai dawo hayyacinsa." Sai ya ga Tsahara a bayansa, muryarsa ta sauka. "Tsahara, an yi kuskure. Ki yi haƙuri. Ki koma bakin aikinki, ga wanki can ya taru. Maganar layu ma na bar ta."

Tsahara ta ɗaure ƙunshinta, ta ɗora a ka.

"Alhaji, abu guda nake roƙo. A bar ni in gan su."

Alhaji ya dubi hannuwanta. Tanimu ya zuba masa ido. Sai Alhaji ya matsa gefe.

Ta cire takalmi ta shiga, karo na farko cikin shekara tara. Ta tsaya gaban gilas, hannuwa a baya. Ɗan kifin ruwan lemo ya fito daga bayan dutse, bai kai tsawon ɗan yatsanta ba, ya zagaya ya koma. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne?"

"Shi ne," in ji Alhaji.

"Yana da kyau, ba laifi. Allah shi raya maka shi." Ta juya ta sa takalminta. "Shekara tara ina wanke maka riguna, Alhaji, ko maɓalli bai taɓa ɓata ba. Ba ka tambaye ni ko sau ɗaya ba kafin ka sa a kama ni. Shi ka kwana biyu kana gadinsa. Ɗiyana uku sun kwana uku ba su san ko ina da rai ba."

"Zan ƙara miki a kan abin da..."

"A'a. Ka nemi wata mai wankin. Ni hatsina na jirana."

Ta bi ta zaure ta fita, ba ta ƙofar baya da ta saba bi ba. Tanimu ya tura mobilet ɗinsa ya bi bayanta, ya raka ta har tashar motar Tsibiri.